A Riƙa Koya Wa Masu Ciwon Suga Da Yaren Da Suke Ji

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in faɗi abin da ya same mu a gida.

Shekara uku ke nan da aka gano Inna tana da ciwon suga. Ranar da aka sallame mu daga asibiti, sai aka miƙo mana ledar magani da wata takarda ta Turanci, an jera abincin da ban taɓa gani a kasuwar Dukku ba. Inna Fillanci take ji, Hausarta ma guntu-guntu ce. Abin da ta fahimta kawai shi ne a daina ci. Ta bar tuwo, ta bar fura, tana ta allurar insulin mai sauke suga ba komai a cikinta. Wata safiya muka tarar da ita bakin murhu, jiki na rawa, gumi ya jiƙa zani, ba ta gane kowa. Sugan ne ya faɗi.

Wata nas ce ta share mana hawaye, Allah ya saka mata. Ta zauna a tabarma, ta ɗauki kwanon Inna da hannunta ta nuna mata iyakar tuwo, sauran a cika da zogale da wake. Ta ce ta ƙulle dabino a haɓar zani saboda irin wannan rana. Da yake ba mu da firji, ta ce a sa insulin a gwangwani mai murfi a ajiye a gindin randa. Da Fillanci ta yi duk bayanin, kuma sai da Inna ta maimaita mata.

Tun 1998 reshen Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoto kan koya wa masu ciwon da ba ya warkewa yadda za su kula da kansu. Amma darasin da aka tsara a Turai ba zai zauna a nan yadda yake ba. Wa zai gaya wa Inna yadda za ta yi da allura a watan azumi? Kuma Baba ne ke cefane, amma ba wanda ya taɓa kiransa ya saurara.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Gombe ta ware ma'aikaci a kowane asibitin sha-ka-tafi, ranar masu suga da hawan jini, ya zauna da su da iyalansu da Hausa, Fillanci, Tangale, Waja ko Tera. A gayyato limamai kafin azumi, a kai darasin gidan rediyo.

Wassalam.

Ɗiyar wata majinyaciya,
Dukku, Jihar Gombe