Wasiƙa daga Dundaye

Assalamu alaikum, Sarkin Barci.

Ina fata kana lafiya. Ya Legas, ya hidimar ƙasa? Shirunka ya yi yawa, tun ƙaramar Sallah ko gaisuwa babu, har Inna ta tambaye ni ko mun ɓata ne. Da ma maganar tsohuwar laftof ɗinka ta sa na zauna rubutu, amma bari in fara amayar da abin da ke cikina.

Shirin kwamfutar da na rubuta a Python, yaren ba kwamfuta umarni, ya yi aiki! Ka tuna kwas ɗin numerikal, na lissafin kusantar amsa taki-taki, da ka ce in na gan shi in canza hanya? Wallahi shi ne abin da na fi so yanzu a duk Danfodiyo. Ranar farko Malam ya ce mu nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 2, ba tare da danna madannin kalkuleta ba. Ya fara da hanyar raba biyu: amsar tana tsakanin 1 da 2, sai ka duba tsakiya, ka yar da ɓangaren da ba ta ciki, ka sake rabawa. Kamar cinikin rago a Kara, mai shi na saukowa kana hawa har ku haɗu. Ba ta kuskure, sai dai jinkiri, don sai an raba fiye da sau uku kafin lamba ɗaya ta zauna. Daga nan ya kawo hanyar Niyuton. Ka ɗauki 1, ka raba 2 da ita, ka ɗauki tsakiyar su biyun, ka maimaita da sabuwar lambar. Sai ga 1.5, sai 1.41667, sai 1.414216, sai 1.41421356. Kowane taki lambobin da suka zauna daidai suna kusan ninkawa. Ajin ya yi tsit, har na bayan nan masu hira.

Af, ɗan ajinku mai babur ya yi aure a Mabera. An tambaye ka, na ce kana can kana koyon cin amala, ka manta da fura.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwamfuta ita ma ba ta riƙe lamba cif. In kana da Python a waya, rubuta 0.1 + 0.2, za ta ba ka 0.30000000000000004. Da 0 da 1 take ƙirga, kuma 0.1 ba ta ƙarewa a wannan tsarin, dole a yanke mata wutsiya, lambobi 15 zuwa 16 kawai ake amincewa da su. Wani ya ce to mene ne a ciki, ai ƙura ce. Malam bai yi dariya ba. Ya ba mu labarin Zahran ta Saudiyya a Fabrairun 1991: agogon na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot yana ƙirga kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa da irin wannan yankan, bayan kimanin awa 100 a kunne kuskuren ya taru ya kai daƙiƙa 0.34, ta kasa tare makamin Iraƙi, sojojin Amurka 28 suka mutu. Tun ranar, duk amsar da na samu sai na tambayi nawa ne kuskurenta.

To ga inda nake son shawararka. Furojet ɗina ina so ya zama kan hawa da saukar ruwa a madatsar Goronyo, abin da ke shiga da abin da ake saki. Ba ka manta ambaliyar 2010 ba, da ruwa ya cinye gadar hanyar jami'a. Na gwada hanyoyi biyu na bin yadda abu ke canzawa taki-taki, ta Euler da ta Runge-Kutta, a kan ƙaramin misali da na san amsarsa. In na rage girman taki zuwa rabi, kuskuren Euler ya ragu rabi, na ɗayar kuwa ya ragu sau 16. Hanyar da Kutta ya buga tun 1901! Na ga wannan a allo da tsakar dare, batir na ja, na tashi ɗan ɗakinmu ya zo ya gani, ya ce in bar shi ya kwanta. Damuwata bayanan ruwan ne, na gaske, na kowace rana. Kana ganin in rubuta takarda ta hannun sashenmu, ko in je da ƙafata? Kai ka san kan irin wannan.

Zafi ya shigo sosai, Baba ya koma kwana a tsakar gida. Ƙanenka ya zo ya karɓi littattafan. Ka gaishe da mutanen masaukinku, kuma ka kira Inna kafin Juma'a.

Naka,
Abokinka na Dundaye