Godiya ga shagon kwamfuta na bakin tashar Gumel

Zuwa ga Malam mai shago da yaransa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne a madadin iyaye da malaman sakandaren ƙauyenmu da ke kan hanyar Maigatari. Yaba kyauta tukwici, kuma mun ga ya fi dacewa a yi yabon a bainar jama'a.

Tun 2015 JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, ta daina jarrabawar takarda da fensir, ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Ga ɗan birni wannan ba komai ba ne. Mu kuwa makarantarmu ko wutar lantarki babu. Yaro zai haddace littafinsa tsaf, ya shiga zaure a zaunar da shi gaban na'urar da bai taɓa taɓawa ba, ga tambayoyi 180, na Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, ga awa biyu kacal tana tafiya a gefen allo. Kafin hannunsa ya daina rawa lokaci ya yi nisa. Mun sha ganin hazikai sun dawo da makin da bai yi kama da su ba.

Bana da muka zo muku da kukanmu na a koya wa yaranmu kwamfuta, ba ku tsaya ja-in-ja kan kuɗi ba. Kun ware wa yaranmu ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, saboda ita ce ranar da mota ba ta wuya a hanyarmu. Kun rage farashi, waɗanda ba su da shi a hannu kuka ɗaga musu ƙafa har iyayensu suka sayar da riɗi da zoɓo.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yaron shagonku ya fara da su. Sai ya ture linzamin kwamfutar gefe, ya ce kowa ya manta da shi. Ya nuna musu A, B, C, D na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Ya yi ta nanata musu cewa S ba abin wasa ba ne, kada wanda ya kusance shi sai ya gama. Na ga wata yarinya tana danna harafi da ɗan yatsa ɗaya tana janyewa kamar ta taɓa garwashi. Kafin sanyi ya wuce, ita ce ke gyara wa ƙawayenta zama.

'Yan matan ma kun yi musu tsari. Kun sa su a rukunin safe tare da ma'aikaciyarku, suna tashi da azahar. Wannan ne ya sa iyayen da suka ƙi da farko suka saki jiki.

Sai batun rajista, inda aka fi cutar mutanen karkara. Kun gaya mana gaskiya cewa ku ba ku da izinin yi, sai cibiyar da JAMB ta amince da ita. Da wani ne, da ya karɓi kuɗin ya yi shiru. Kun kuma zauna kun duba takardun kowane yaro, tunda daga 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. Nan aka gano masu Muhammad a wata takarda, Mamman a wata, da waɗanda ranar haihuwarsu ta sha bamban, aka je aka gyara da wuri. Kun ja mana kunne cewa layin da aka tura NIN da shi zuwa 55019 ya zama na yaron ne ko na gidansu, ba na maƙwabci ba, domin da shi za a duba sakamako.

Ba duka suka ci ba, wannan kam sai a hankali, Turanci har yanzu yana ba mu wuya. Amma babu wanda ya dawo yana cewa kwamfuta ce ta kayar da shi. Yanzu muna da masu jiran gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Kwalejin Ilimi ta nan Gumel.

Roƙonmu ɗaya, baɗi a fara da 'yan aji biyar, kada a jira sai sun kai ajin ƙarshe, tunda WAEC ma ta soma gwada kwamfuta tun 2024. Kuɗin mota mu iyaye mun ɗauka.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa wa kasuwa albarka, ya raya muku zuri'a.

Wassalam.

Naku,
Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai