Gidajen haya masu ɗakuna-ɗakuna na buƙatar ƙa'ida a rubuce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in ja hankalin masu zuba jari a harkar gidaje da kuma hukumominmu game da irin gidan hayar nan da ake yanka shi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da iyalinsa ko gwauronsa, amma kowa na tarayya a tsakar gida ɗaya da banɗaki ɗaya da rijiya ɗaya. Wannan shi ne matsugunin mafi yawan leburori da ɗalibai da ƙananan ma'aikata a unguwanni irin su Sabon Gari da Kurna da Brigade a Kano, kuma shi ne jarin da ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama yake fara tunani, domin yana ganin ƙasa ba ta ruɓewa. Abin takaici shi ne harka ce da ake gudanar da ita kusan gaba ɗaya da baki.

Lissafin da yawancin masu ginin suke yi lissafin ɗakuna ne kawai. Mutum ya sayi fuloti, sai ya tambayi magini ɗaki nawa za su fito, ba ya tambayar mutum nawa shadda ɗaya za ta iya ɗauka, ko ta ina iska za ta shiga ɗakin da aka manna shi da katangar maƙwabci. Sakamakon haka sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a irin gidan: layi a ƙofar banɗaki da asuba, sokawe da ke cika tun kafin damina ta yi nisa, rijiya a kusa da masai, da ɗakunan da ba a iya kwana cikinsu a watannin Maris da Afrilu, wato daidai lokacin da cutar sanƙarau ke yaɗuwa a inda aka cunkushe. Shi kansa mai gidan ba ya tsira, domin ginin da aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinsa yana cinye ribarsa a gyara, mutanen kirki kuma sukan tashi da zarar sun sami wani wuri, su bar shi da waɗanda sai an kai ruwa rana kafin su biya.

Wasu wuraren sun riga sun gwada sanya iyaka. A Ingila, tun daga Oktoban 2018, duk gidan da mutum biyar ko fiye daga iyalai daban-daban suke haya a cikinsa suna tarayya a kicin ko banɗaki, sai mai shi ya karɓi lasisi daga ƙaramar hukuma, kuma ɗakin kwanan babban mutum ɗaya ba zai gaza murabba'in mita 6.51 ba, na mutum biyu kuma 10.22. Ban kawo wannan don a kwafo shi ba, domin arzikinmu da nasu ba ɗaya ba ne. Na kawo shi ne saboda hikimar da ke ciki: sun ɗauki irin wannan gida a matsayin sana'a mai zaman kanta wadda ke buƙatar ƙa'idarta, daban da gidan da iyali ɗaya suka kama.

Kusa da mu, dokar haya ta Jihar Legas da Gwamna Babatunde Fashola ya sanya wa hannu a 2011 ta haramta karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta wajabta ba da rasit, ta kuma fayyace wa'adin notis: wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara. Ta kuma mayar da fitar da ɗan haya da ƙarfi, ko yaye masa kwanon ɗaki don ya tashi, laifin da ke jawo tarar da za ta kai Naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. A Ghana ma dokar haya ta 1963 ta taƙaita kuɗin da ake biya tun farko zuwa wata shida, amma 'yan uwanmu mazauna zango a Accra da Kumasi za su shaida cewa ana neman na shekara biyu a bainar jama'a. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne dokar da ba ta da mai bin sawunta a unguwa takan zama ado ce a takarda, musamman inda masu neman ɗaki suka ninka ɗakunan yawa, domin wanda ke tsoron rasa wurin kwana ba zai kai ƙarar mai gida ba.

Saboda haka abin da nake ba da shawara ƙarami ne, kuma ana iya aiwatar da shi. Hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA a Kano da takwarorinta a sauran jihohi, ta riƙa ƙin amincewa da zanen gidan haya mai ɗakuna da yawa sai an nuna adadin banɗakunan da ya dace da yawan ɗakunan, da taga a kowane ɗaki, da tazara tsakanin rijiya da masai. Sannan a samar da takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa, wadda za ta bayyana kuɗin haya da ranar biya, da wanda zai biya kwashe shadda, da yadda za a raba kuɗin wuta idan mita ɗaya ce, da la'adar dillali, da wa'adin notis. Kuɗin wutar nan kaɗai, a ganina, ya haddasa gaba tsakanin maƙwabta fiye da kuɗin hayar kansa. A sa hannu a gaban mai unguwa, shi ma ya riƙe kwafi, tun da dama wurinsa ake fara kai ƙara kafin a je kotu.

Na san wasu masu gidaje za su ce tsadar siminti da rodi ta ishe su, kuma kowane banɗaki da aka ƙara ɗaki ɗaya ne aka rasa. Gaskiyarsu ce, kuma shi ya sa ban nemi gwamnati ta ƙayyade farashin haya ba, domin yin hakan kan sa masu kuɗi su janye daga gini, ƙarancin ɗakuna ya ƙaru. Tsofaffin gidaje kuma a ba su wa'adi mai sauƙi su gyara a hankali, a fara tilasta ƙa'idar a kan sababbin gine-gine. Ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kano da ta kira zaman jin ra'ayin jama'a a kan wannan batu, ta gayyaci masu gidaje da dillalai da masu unguwanni, ta kuma tabbatar an ji daga bakin 'yan hayar da kansu.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano