Ku bar yarinyar nan ta yi bincikenta kan tramol

Malam Edita, assalamu alaikum, ina fata kana lahiya.

Ni mai gyaran moto ne a nan Maradi, 'yan kabu-kabu su ne abokan hulɗata safe da yamma. Akwai ɗiyar wani maƙwabcinmu da ba ta jima da gama karatun haɗa magani ba, yanzu bincike take kan abin da ƙwayar tramol ke yi wa halin mutum, takan zo garejina da littafinta ta zauna kan benci ta yi ta tambayar yaran nan, guda nawa kake sha a rana, kana barci, ka fi saurin fushi yanzu, in ka wuni ba ka sha ba me kake ji a jikinka. Ko suna ba ta rubutawa. Amma sai ga wasu na yaɗawa a fada wai 'yan sanda ne suka turo ta, wallahi abin ya sosa mini rai.

Bara wani yaro ya faɗi gabana muna cikin ɗaure mashi sarka, jiki na karkarwa, kumfa a baki, mutane suka ce iska ce, aka kawo hayaƙi. Yarinyar nan ce ta fahimtar da ni cewa tramol na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya in ya yi yawa, don ba ciwo kaɗai yake kashewa ba, yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu riƙe da barci da natsuwa. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, likita ba ya wuce 400 a rana, na bakin titi kuwa ƙwaya guda 225, yaro ya jefa uku cikin shayi ya hau moto ya ɗauki matar aure da goyo. Har shanu ake ba, a 2013 masana sun ce sun samu tramol a saiwar tafashiya a Kamaru, a 2014 wasu suka gano daga fitsarin shanu da na mutane ya shiga ƙasa.

Jami'an OCRTIS, hukumar yaƙi da safarar miyagun ƙwayoyi, na kama masu safara, Allah ya saka, to amma wanda ya riga ya kamu fa, wa zai san yadda za a raba shi da ƙwayar in ba a zauna an tambaye shi ba?

Roƙona ga alhazan garin nan, ku taimaka mata ko da kuɗin mai ne, daga aljihunta take yi. Kai kuma Malam Edita, kafin 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, dan Allah ka turo wakilinka ya zauna kan bencin nan ya saurara.

Naka,
Mai gyaran moto, unguwar Zariya, Maradi