Shayin rage tumbi da abin da nake gani a ƙasar Sin

Ya Edita, assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai albarka in amsa wani saƙo da ya yi mini yawa. Ni ɗan kasuwa ne mazaunin Guangzhou, ina yi wa mutanen Kantin Kwari da Sabon Gari lodin kaya. Kusan duk wanda ya kira ni daga gida, da an gama maganar yadi da takalma, sai ya ce in haɗo masa da shayin rage tumbi, wai shi ne sirrin da ya sa Sinawa ba sa ƙiba kuma ciwon suga bai san su ba.

Wallahi ba haka abin yake ba. Rahoton da gwamnatinsu ta fitar a 2020 ya ce kashi 34.3 cikin 100 na manya nauyinsu ya wuce kima, kashi 16.4 kuma ƙiba ce sosai. Fiye da rabi ke nan. Ciwon suga da a 1980 bai kama mutum 1 cikin 100 ba, yau ya haura 1 cikin 10, kuma a 2021 masu fama da shi sun kai kimanin miliyan 140. Ƙasarsu na cikin waɗanda suka fi yawan masu wannan ciwo a duniya.

Akwai mai masana'antar da nake sarin takalma a wurinsa. Hannu da ƙafa sirara, sai ɗan tumbi da ya turo bel. Butar shayi ba ta sauka daga teburinsa tun safe har dare. Amma in an kawo abinci, sai ya ciro allurar insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, daga aljihu, ya ɗage riga ya tsira a cikinsa, sannan ya ɗauki tsinken cin abinci. Bai cika hamsin ba. Ya ce mini mahaifinsa da keke yake zuwa aiki, nama kuwa sai ranar biki. Shi daga mota sai kujera, abinci ta waya yake oda mai babur ya kawo har ƙofa.

Irin wannan tumbin shi ne abin tsoro. Kitsen da ke taruwa kewaye da hanta da hanji yana hana insulin aikinsa, ya jawo hawan jini, ya lalata jijiyoyin zuciya, kuma mutanen wannan yanki yakan kama su tun jiki bai nuna ba. Shi ya sa a ma'aunin BMI, mai kwatanta nauyin mutum da tsawonsa, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa ƙiba daga 30 take farawa, likitocin Sin suka tsaya a 28, suna kuma auna ƙugu: santimita 90 ga namiji, 85 ga mace. Ko mai ƙibar da gwajinsa ya fita lafiya lau ba su sakin jiki da shi, domin wani babban bincike da aka yi a Sin mai suna Kadoorie, wanda ya ɗebi mutum fiye da 500,000 tsakanin 2004 da 2008, ya nuna da yawansu bayan kimanin shekara 10 suga ko jini ya hau.

Abin da ya yi musu aiki sun san shi tuntuni. A 1986, a garin Daqing mai arzikin man fetur, an ɗauki mutum 577 da sugansu ya fara hawa. Wasu aka sa su gyara cimarsu ko motsa jiki ko duka biyun, tsawon shekara 6 kacal. Bayan shekara 30 da aka waiwaye su, in an kwatanta waɗanda aka sa gyaran da sauran, ciwon suga ya yi jinkirin kama su da kusan shekara 4, mutuwa ta ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi ɗaya cikin uku. A 2024 hukumar lafiyarsu ta ƙaddamar da gangamin shekara 3 na kula da nauyi, asibitoci kuma suna ta buɗe sashe na musamman dominsa.

Roƙona ga 'yan uwa, musamman iyayenmu mata da aka fi yi wa tallar wannan shayi: don girman Allah kada mai ciwon suga ko hawan jini ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa saboda shi. Wanda ya haura arba'in kuma yana ganin tumbi na fitowa, ya je a gwada masa suga da safe kafin ya karya kumallo.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Kano, mazaunin Guangzhou