Godiya ga likitocin huhu da gaɓoɓi da suka duba 'yar uwarmu a Jidda

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan lafiya ne Hausawa mazauna Jidda. Mun ga ya kamata mu gode wa sashen huhu da na gaɓoɓi na asibitin da ya karɓi wata 'yar uwarmu, a bainar jama'a.

An sha yawo da baiwar Allahn nan daga wannan kilinik zuwa wancan. Kowa ya ji numfashinta na yin fito sai ya ce asma ce, ya rubuta inhela, ya kira na gaba. Murya ta dushe, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kunne ya kumbura aka ce ƙwayar cuta ce.

Likitar da ta duba ta a wannan asibitin ta ce, "Hajiya, ɗan ɗaga mayafin in ga kunnen." Saman kunnen ya yi ja yana zafi, amma ƙasan da ake huda ɗan kunne lafiya lau, domin babu guringuntsi a wurin. Ta shafa karan hanci, ta danna maƙogwaro a hankali. Daga nan ta yi zargin kumburin guringuntsi mai tafiya yana dawowa, cutar da garkuwar jiki ke far wa guringuntsin mai ita. Babu wani gwajin jini guda da ke tabbatar da ita, ido da hannun likita ne kan gaba.

Abin da ya fi burge mu shi ne hoton CT, wato hoton cikin ƙirji, da aka ɗauka tana fitar da numfashi. Guringuntsin da ke riƙe da bututun iska idan ya yi laushi, lokacin fitar iska yake rufewa, hoton jan numfashi kaɗai na iya nuna komai daidai. Shi ya sa inhela ba ta yi mata komai ba.

An yi mata methylprednisolone, maganin rage kumburi, ta jijiya kwana 3, aka koma ɗan'uwansa prednisolone ana ragewa sannu a hankali, aka duba tarin fuka da zuciya. Methotrexate kuwa, maganin rage ƙarfin garkuwar jiki, ma'aikaciyar jinya ta maimaita mata har ta haddace: sau ɗaya a mako, tare da folik asid. Shan methotrexate kullum na iya kisa.

Allah ya saka muku da alheri. Takaicinmu shi ne wuraren da ke karɓar kuɗin mutane amma minti biyu na duba mara lafiya ya yi musu yawa. Mai fama da asmar da ba ta jin magani, ga dusashewar murya da kumburin kunne, a daina ƙara masa inhela, a tura shi wajen ƙwararru.