Wasiƙa zuwa ga Yaya a kan halin da Auta yake ciki

Manchesta, Ingila

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Umma, ya yara? Na saurari saƙon muryarki har sau uku, na ga gara in rubuto, don ki samu abin karanta wa Umma a tsanake.

Wata uku Auta bai buɗe shago ba, yana kwana ido biyu, tuwo sai an yi da gaske yake kai loma uku, ko ƙwallon da yake mutuwar so ya daina kallo. Wannan ciwon damuwa ne, kuma likitoci daga mako biyu suke fara kiransa ciwo. Ba lalaci ba ne, ba raunin imani ba ne. Shi kansa ƙin zuwa asibiti da kika ce yana yi yana cikin ciwon, domin shi yake raya wa mutum cewa babu abin da zai yi masa amfani.

Don Allah a daina ambata masa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Kin san abin da sunan nan yake nufi a kunnen ɗan Kano. Ji yake an ce masa mahaukaci. Taron da Kawu yake son a kira a zaunar da shi a tsakar gida, a bar shi. Mutum goma a kan mutum ɗaya shari'a ce. Ke kaɗai za ki riƙa shiga wajensa, tunda ke yake sake wa. Ki zauna ko da bai ce uffan ba. "Na ga kana shan wahala, ina nan" ta wadatar. "Wasu sun fi ka shiga uku" da "kai ba namiji ba ne?" ƙara masa ganin laifin kansa suke yi.

Ta ƙofar jiki za ku shiga. Wanda ya ƙi likitan ƙwaƙwalwa sau da yawa yakan yarda ya ga likitan kowa da kowa saboda rashin barci da ciwon kai. Kuma ba yaudara ba ce: ƙarancin jini, ciwon suga da matsalar tayirod duk suna kawo irin wannan mutuwar jiki, ya kamata a gwada. Ki nemi izininsa ki shiga tare da shi, domin shi kaɗai "lafiya lau" zai ce ya fito. In ya ƙi, ki bar maganar, ki sake ɗaukota bayan mako guda, ban da ranar da ake cikin faɗa. Shawarar da aka ba ki ta zuba masa magani a kunu kuwa, kul. Ranar da ya gane, ya daina cin abincin gidan ke nan, ga shi akwai masu wani nau'in ciwon da maganin damuwa ke tunzura su.

Addu'a da ruƙiyya a ci gaba, ba sa hana magani. Amma duk malamin da ya kawo zancen duka, mari ko turara hayaƙi, a sallame shi.

A gida, a tashe shi lokaci ɗaya kullum, a ɗage labule rana ta shiga. Bayan la'asar ki ce ya raka ki bakin titi, tafiyar minti 15 zuwa 20. Ku ci a kwano ɗaya. Ki sa ido a kan kemis ɗin unguwa, don masu wannan ciwo sukan nemi barci a wajen kodin, tiramol ko diyazefam.

Yanzu ga mai nauyin. Ki tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Yau ɗin nan a fitar da fiya-fiya, Sniper da shinkafar ɓera daga gidan, magungunan hawan jinin Umma kuma a kulle a durowa. In ya fara rabon kayansa, ko bin mutane yana neman gafara, ko ya daina ci da sha, to ba a jiran yardarsa: kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi sashen gaggawa na Asibitin Malam Aminu Kano. In, Allah Ya kiyaye, ya sha wani abu, ban da ɗura manja ko madara, ban da sa shi amai, domin yana iya shaƙa ya gangara huhu. A tafi da kwalbar.

In Allah Ya sa ya karɓi magani, ku sani sai mako 2 zuwa 4 ake fara ganin sauƙi, a nan ne da yawa suke cewa ba ya aiki su watsar. In maganin damuwar da likita ya rubuta Amitriptyline ne, da dare ake sha, yana busar da baki, kuma yawansa kisa ne, saboda haka ya zauna a hannunki kina ba shi na kullum. In kuwa Fluoxetine ne, da safe ake sha, yakan sa tashin zuciya a kwanakin farko. Bayan ya warware ma sai ya ƙara aƙalla wata 6, kuma likita ne zai rage masa a hankali.

Ke ma ki riƙa karɓa-karɓa da Baffa, kada ki faɗi. Kuɗin gwaji da na mota zan turo ranar Juma'a. Ki ce wa Auta zan kira shi Lahadi bayan isha'i, hirar ƙwallo kawai za mu yi.

Ki gaida Umma da kyau.

Ƙanwarki